Yadda Ake Gane Bugun Zuciya a Jikin Mace, da Abin Yi Kafin Lokaci Ya Ƙure

Idan mace ta dafe ƙahon zucinta ta ce wajen yana mata zafi, zuciyarta na tashi, ga gumi ya keto mata, a mafi yawan gidaje abin da za a fara cewa shi ne olsarta ce ta motsa. A aiki yaro kemis ya karɓo Gestid ko Mist Mag, a dama mata kunu, a ce ta kwanta a ga abin da safiya za ta yi. Sau da yawa kuwa olsar ce. Amma akwai ranar da ba ita ba ce, jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, wato bugun zuciya, kuma daren nan da aka ce a bari ya wuce shi ne lokacin da likita yake buƙata. Ba wanda zai iya raba biyun da ido a tsakar gida, ko da likita ne. Na'urar ECG mai auna bugawar zuciya da gwajin jini ne ke rabawa, su kuwa a asibiti suke.

Ciwon nan ba na maza masu tumbi ba ne kaɗai, kamar yadda ake ɗauka. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2021 cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ne ke haddasa kashi 35 cikin 100 na mace-macen mata a duniya. Wannan ya zarce abin da duk nau'o'in kansa ke kashewa a haɗe.

Abin da ke faruwa a ciki

Zuciya tsoka ce mai bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma ita ma tana da nata jijiyoyin da ke kawo mata jini. Manyan guda uku ne, faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, na mata sun ma fi na maza ƙanƙanta. Shekara da shekaru maiƙo yana taruwa a jikin bangonsu ba tare da an ji komai ba. Ranar da wannan taruwar ta fashe, jini ya daskare a kanta, cikin 'yan mintuna hanya ta toshe. Bayan minti 20 zuwa 30 tsokar da ke gaban toshewar za ta fara mutuwa. Zuwa awa 6 an yi babbar ɓarna, zuwa awa 12 abin da za a iya cetowa kaɗan ne. Tsokar da ta mutu tabo take zama, ba ta sake tsirowa. Sannan a awannin farko bugawar zuciyar na iya rikicewa ta tsaya cak, shi ya sa wasu ke cikawa a gida ko a hanya.

Sinadarin jikin mace mai tafiyar da al'ada yana ɗan kare jijiyoyinta, don haka ciwon kan zo wa mata a makare, shekara 7 zuwa 10 bayan shekarun da yake kama maza. Da al'ada ta ɗauke, kariyar ta fara janyewa.

Alamomin da za a lura da su

An yawaita cewa mata ba sa jin ciwon ƙirji, kuma wannan maganar ta wuce gona da iri. A mata ma ƙirji ne ya fi yawan yin magana. Bambancin shi ne yadda suke kwatanta shi da kuma abubuwan da ke rako shi. Da wuya ta ce "ciwo". Za ta ce ƙirjinta ya yi nauyi kamar an ɗora mata turmi, ko an ɗaure ta tamau, ko wani abu ya tokare mata, ko yana ƙuna. Ku dubi hannunta lokacin da take bayani. Idan ta dunƙule hannu ko ta shimfiɗa tafi gaba ɗaya a tsakiyar ƙirji, abin tsoro ne. Idan da yatsa ɗaya ta nuna wuri guda, kuma in an danna wajen ciwon ya ƙaru, ko ya soka na daƙiƙa biyu ya wuce, ya fi kama da na tsoka ko haƙarƙari. Hakan ba tabbaci ba ne, yana rage zargi ne kawai.

Nauyin kan yaɗu. Yakan hau wuya da muƙamuƙi har ta zaci haƙori ne, ya sauka hannun hagu ko na dama ko duka biyun, ko ya tsaya a gadon baya tsakanin allunan kafaɗa. A wasu matan ƙirjin shiru yake, wannan ciwon bayan ko na muƙamuƙin shi ne kaɗai abin da suke ji.

Sai 'yan rakiya, waɗanda su ne ke ɓatar da mutane: haki alhali tana zaune, tashin zuciya ko amai, zafi a saman ciki mai kama da ƙwannafi, jiri, faɗuwar gaba, da wata irin mutuwar jiki da ko kofin ruwa ɗaga shi ya zama aiki. A cikinsu gumi mai sanyi ya fi kowanne muhimmanci. Wannan ba zufar zafin bazara ba ce. Fatar za ta yi sanyi, ta yi danshi, leɓɓa da tafin hannu su koɗe. Ƙwannafi ba ya sa wannan. Wasu kuma za su ce suna ji a jikinsu mutuwa za su yi. Kada a ce musu shaiɗan ne, likitoci na ɗaukar wannan furucin da muhimmanci.

Masu ciwon suga da tsofaffi su ne suka fi rikitarwa. Suga na lalata jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi, don haka mai shi tana iya samun babban bugun zuciya ba tare da ciwo ko kaɗan ba, sai haki da gumi da amai. Tsohuwa kuma sai ta rikice, ta daina gane mutane, ko ta yanke jiki ta faɗi.

Akwai wani shinge da ya kamata 'yan gida su san da shi. In aka ce wa Hajiya "ya jiki?", amsarta "da sauƙi" ce, ko da numfashi na neman gagararta. Haka aka yi mata tarbiyya. Don haka a daina tambayar gaisuwa, a yi ta ƙeƙe-da-ƙeƙe: Umma, nuna min wajen da hannunki. Tun ƙarfe nawa? Yana zuwa wuya ko hannu? Kin taɓa jin irinsa? Amsar ta ƙarshe tana da nauyi. Wadda ta shekara goma da olsa ta san yadda tata take yi, in ta ce "wannan daban ne", a yarda da ita.

Gargaɗin makonni kafin ranar

Sau da yawa jiki kan yi sallama kafin ya shigo da babbar magana. A wani bincike da Jean McSweeney da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2003, sun tambayi mata 515 da suka yi bugun zuciya. Kusan 71 cikin 100 sun ce fiye da wata guda kafin ranar sun fara jin gajiyar da ba su saba ba, 48 cikin 100 barcinsu ya lalace, 42 cikin 100 suna haki. Gajiya kaɗai ba hujja ba ce, wace mai gida ce ba ta gajiya? Abin lura shi ne sauyi. Sharar tsakar gidan da take gamawa a tsaye yanzu sai ta zauna sau biyu. Benen da take hawa ba tunani yanzu sai ta tsaya a tsakiya.

Mafi bayyana shi ne nauyin ƙirji mai zuwa da aiki ya tafi da hutu. Tana daka, ko wanki, ko ta ɗauko bokitin ruwa, ƙirji ya ɗaure, ta zauna minti 3 zuwa 5 ya saki. Wannan alama ce cewa jijiya ta tsuke amma ba ta toshe ba tukuna. A ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa ya fara zuwa da ƙaramin aiki, ko yana yawaita, ko ya zo tana zaune, ko ya tashe ta daga barci, a ranar za a tafi sashen gaggawa.

Wa ya fi kamata a zarga

Zargi ya ƙaru idan tana da hawan jini, ciwon suga, yawan maiƙo a jini, ciwon ƙoda, ko ƙiba ta ciki, wato ƙugu ya wuce santimita 88. Suga ya fi yi wa zuciyar mace lahani fiye da ta namiji. Haka taba da shisha, da hayaƙin itace na shekaru a rufaffen madafi. In mahaifinta ko ɗan'uwanta ya yi ciwon kafin shekara 55, ko mahaifiyarta ko 'yar'uwarta kafin 65, a sa a lissafi.

Akwai kuma waɗanda na mata ne zalla, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba. Wadda ta taɓa yin hawan jinin ciki mai zuwa da kumburi, ko jijjiga wajen haihuwa, haɗarinta na ciwon zuciya nan gaba ya kusan ninka biyu, ko da jinin ya sauka bayan ta sauka. Haka wadda suga ya taso mata da ciki, da wadda ta haifi bakwaini, da wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45. Ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu tana ƙara haɗari ga mai hawan jini ko mai shan taba da ta haura 35. Magungunan sa ƙiba da ake haɗawa a kasuwa kuma, da yawansu akwai deksametazon a ciki, wanda ke ta da jini da suga a tare.

Rashin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya wanke ta. Mata da yawa ba su taɓa awon jini ko suga ba tun haihuwarsu ta ƙarshe.

Mintuna goma na farko

1. A tsayar da duk abin da take yi, a zaunar da ita ta jingina da bango ko matashi, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Kada a kwantar da ita rigingine in tana haki. A sassauta ɗaurin zani da rigar mama, a cire hijabi mai nauyi, a buɗe taga, a rage cunkoson mutane.

2. Wani ya dubi agogo ya riƙe lokacin da abin ya fara. Likita zai tambaya, kuma irin maganin da za a ba ta ya dogara da amsar.

3. In minti 5 suka wuce tana zaune bai lafa ba, ko ya lafa ya dawo, ko akwai gumi mai sanyi da haki, a nemi mota nan take. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, a Nijar 15 ko 18, a Gana 112 ko 193. A kira, amma a garuruwa da yawa motar asibiti kan daɗe ko ta ƙi zuwa, don haka wani yana kira, wani yana buga ƙofar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita sahu. Duk wanda ya riga zuwa da shi za a tafi. Acaɓa shi ne zaɓi na ƙarshe saboda tana iya suma a kai. In babu sai shi, a sa ta a tsakiya wani ya riƙe ta ta baya. Kada ta tuƙa kanta, kada ta taka zuwa bakin titi, a ɗauke ta a kujera.

4. Asfirin. A ba ta miligiram 300 ta tauna, kada ta haɗiye shi ɗungurum, don taunawa ta fi saurin kai shi jini. In ƙananan ne masu miligiram 75 irin Vasoprin, guda huɗu ke nan. Yana hana gudan jinin ƙara girma, amma ba ya narkar da shi, saboda haka ba ya maye gurbin asibiti. Ba a ba wa wadda jikinta ba ya karɓarsa ko yake ta da mata asma, da mai aman jini ko baƙin bayan gida, da wadda bakinta ya karkace ko ɓarin jikinta ya saki, da wadda ciwon ya zo mata farat ɗaya kamar ana yaga ƙirjinta zuwa baya. Mai ciki da sabuwar haihuwa a bar wa likita ya yanke. In ana shakka, ko babu shi a gida, a wuce kawai. Kada a tsaya neman asfirin mota na jira.

5. In mai suga ce kuma akwai na'urar awo a kusa, a gwada, minti ɗaya ne. Ƙasa da 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin, suga ne ya faɗi, a ba ta ruwan sukari. In awon daidai yake kuma gumi na zuba, zargin zuciya ya ƙara ƙarfi.

6. In likita ya taɓa rubuta mata maganin zuciya na sawa ƙarƙashin harshe, ta sa guda ɗaya tana zaune. Kada a ba ta na wani, kuma kada a ba ta in tana jiri ko awon jininta na sama ya gaza 100.

7. A kwashe duk magungunan da take sha da kwalayensu, har da na gargajiya, da katin asibiti da tsohuwar takardar ECG in akwai, a zuba a leda ɗaya.

Yanzu ga inda ake yin asara. Za ta ce bari ta watsa ruwa ta canza kaya, ko ta sauke tukunya, ko a jira yara su dawo daga Islamiyya. A ce mata a'a, cikin ladabi amma ba ja da baya. Za a ce a jira maigida ya dawo daga kasuwa. A kira shi a waya ana cikin mota, ya same ku a can. In azumi take, ta karya ta tauna maganin, marar lafiya Allah ya ba shi rangwame ya rama daga baya. In takaba take, larura ta halatta mata fita. Addu'a da tofi a yi su a hanya, ba sa hana tafiya.

Kada a tsaya a kemis. Allurar diklofenak da ƙwayoyi irin su ibufurofen da firoksikam suna ƙara lalata al'amarin zuciya. Ƙarin ruwa ga zuciyar da ta raunana kan tara ruwa a huhu. Kada a ninka mata maganin hawan jini, musamman kada a fasa nifedifin a sa mata a baki, jinin na iya faɗuwa lokaci guda zuciyar ta ƙara rasa abin da take samu. Awon jini mai kyau a na'urar gida ba ya nufin lafiya. Haka in ta sha maganin olsa ta yi gyatsa ta ɗan ji daɗi, domin ciwon zuciya da kansa yakan lafa ya dawo. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp na a yi ta tari da ƙarfi, ko a sha barkono ko tafarnuwa ko ruwan ɗumi, ba ɗaya da ke buɗe jijiyar da ta toshe.

In ta faɗi ba ta motsi

A girgiza kafaɗarta a kira sunanta. In ba ta amsa ba kuma ba ta numfashi, ko tana wani jan numfashi jefi-jefi mai kama da kakari, zuciyar ta tsaya. A nan ne mutane kan saki hannu su fara salati da kuka. Wani ya yi mata kalimar shahada, amma wani ya durƙusa ya fara danna ƙirji, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6.

A sauko da ita ƙasa, ba a kan katifa ba. A ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, kan rabin ƙasa na ƙashin ƙirjin, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa. Bayan kowace dannawa a bar ƙirjin ya taso. Ba sai an hura mata iska a baki ba. A riƙa karɓeɓeniya duk minti 2 domin hannu na gajiya. Haƙarƙari na iya karyewa, a ci gaba, yana warkewa. An gano cewa a bainar jama'a mata ba sa samun wannan taimakon kamar maza, saboda ana jin nauyin taɓa ƙirjinsu. In da mace mai ƙarfi a wurin ta yi. In babu, namiji ya yi ta kan riga, ceton rai ne. Kada a watsa mata ruwa, kada a ɗura mata komai a baki.

Wane asibiti, kuma me za a ce

Wanda ake nema shi ne mafi kusa da ke da likita dare da rana da na'urar ECG. Asibitocin koyarwa irin su Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da na Jos suna da likitocin zuciya, haka manyan asibitocin Yamai. In suna da nisa sosai, a fara da babban asibitin gwamnati na kusa a yi gwajin farko, su tura ku gaba da takarda.

A wuce kai tsaye sashen gaggawa, kada a bi layin ganin likita. Ɗaya ya je yankar kati, ɗaya ya tsaya da ita. Jimlar farko da za ku faɗa tana iya sauya komai. In kuka ce "olsarta ce ta tashi", kun riga kun ɗora ma'aikacin a kan hanyar olsa. Ku ce: "Ƙirjinta ya yi nauyi tun ƙarfe takwas, da gumi da haki, tana da suga da hawan jini. Muna tsoron zuciya ce, don Allah a yi mata ECG yanzu." Ƙa'idar aikin ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowa. A Najeriya, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Duk da haka a tafi da kuɗi ko katin banki, gwaje-gwaje da magani sai an biya.

ECG ba ya zafi, ba ya sa wuta a jiki. Wayoyi 10 ake liƙawa, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, wasu a ƙarƙashin maman hagu. Dole a cire rigar mama, a goge basilin ko man shafawa don wayoyin su kama. A nemi nas mace da labule, amma in babu kada a jira.

Gwajin farko na iya fitowa lafiya alhali ciwon na nan. In nauyin bai tafi ba, ana maimaitawa duk minti 15 zuwa 30. Sai gwajin jini na tiroponin, sinadarin da tsokar zuciya ke saki in ta ji rauni. Yakan ɗauki 'yan awanni kafin ya tashi, don haka ana sake ɗiba bayan awa 3 zuwa 6, ko ƙasa da haka a na'urori na zamani. Kada a yarda da sallama a kan ECG ɗaya da jini ɗaya da aka ɗiba da wuri. Ku tambaya cikin mutunci: likita, za a maimaita?

In ECG ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, hanya biyu ce. Mafi inganci ita ce a zura siririn bututu ta tsintsiyar hannu ko matsematsi har zuciya, a buɗe wajen, a bar ɗan bututun ragar ƙarfe ya tokare shi. Wannan sai in za a samu cikin awa 2, kuma cibiyoyin da ke yin sa kaɗan ne, akasari a manyan birane irin Abuja da Legas, ga tsada. Ta biyu ita ce allurar narkar da gudan jini, irin su sitireptokines, wadda ake so a fara cikin minti 30 da isowa. Tana aiki sosai a awa 2 zuwa 3 na farko, bayan awa 12 kuwa amfaninta ya ƙare. Tana iya jawo zubar jini, saboda haka ku faɗi gaskiya in ta yi tiyata ko haihuwa kwanan nan, ko ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko ta bugu a ka, ko tana iya kasancewa da ciki. Jinin al'ada ba ya hana a yi ta.

Wani lokaci a duba manyan jijiyoyin a tarar ba toshewa, kuma wannan ya fi faruwa a mata. Ƙananan jijiyoyi ne suka gaza, ko babbar ta matse ta saki. Akwai kuma wanda ke biyo bayan mummunan labari, kamar rasuwar miji ko ɗa, inda zuciya ke raunana farat ɗaya. Likitocin Japan ne suka fara bayyana shi a 1990, kuma kusan tara cikin goma na masu yin sa mata ne, galibi waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Don haka matar da ta dafe ƙirji a zaman makoki, kada a tsaya ga ba ta haƙuri da ruwan sanyi.

Mai ciki da mai jego

Ƙuruciya ba ta cire su daga lissafi. A makonnin da ke bayan haihuwa bangon jijiyar zuciya na iya tsagewa da kansa, ko gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, musamman bayan tiyata. Sannan akwai raunin zuciya na jego, mai zuwa daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa, wanda arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga hawan jinin ciki, rama, da ƙarancin sinadarin seleniyom. Alamominsa su ne haki in ta kwanta har sai ta tara matasai, tarin dare, kumburin ƙafa da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Gwaggo ko ungozomar da ke mata wanka ita ce za ta fara gani. A dakatar da kunun kanwa, don gishirinsa na tara ruwa a jiki, a kai ta a yi hoton zuciya na eko. Ba sai an yi arba'in ba.

Shirin da ake yi tun ana lafiya

In a gidan akwai mai hawan jini ko suga da ta haura 45, a zauna yau a yanke magana uku: wane asibiti, motar wa, kuma maigida ya ba da izini a gaban kowa cewa in abu ya taso a tafi ko ba ya nan. A rubuta cututtukanta da magungunanta a takarda a sa a jakarta, a ajiye asfirin inda kowa ya sani. A riƙa awon jini, 140 bisa 90 ko sama da haka na buƙatar likita. Awon suga kafin karin kumallo da ya kai 7, ko 126 a ɗaya ma'aunin, haka nan. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin.

Wadda aka sallamo za ta fito da magunguna huɗu ko biyar. Yawanci akwai asfirin da kulofidogirel, waɗanda ake haɗawa tsawon wata 12, da maganin maiƙo, da masu sauƙaƙa wa zuciya aiki. Kada ta daina don ta ji sauƙi, musamman in an sa mata bututun ƙarfe, domin yana iya toshewa cikin kwanaki. In jinin al'ada ya yi yawa, ta koma wa likita ya gyara, kada ta yanke da kanta. Ƙaho da tsaga a dakata da su saboda zubar jini. Ciwon jiki ta sha farasitamol. In tana da niyyar sake haihuwa ta faɗa tun kafin ciki ya shiga, wasu daga cikin magungunan na cutar da jariri. Azumi da aikin Hajji kuma a tambayi likitan zuciya wata biyu kafin lokaci, don a samu damar sauya lokutan shan magani.